Dashe Sai Da Reno

Malam Edita, ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a mujallarmu in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai wani abin kunya da ya same ni a Kujama, da kuma ra'ayin da na samu daga cikinsa. Na san ba a saba mutum ya tona asirin kansa a takarda ba, amma tun da yake dukanmu aikin malanta muke koyo, gara in nuna inda na yi tuntuɓe don na baya su ɗaga ƙafa.

Ra'ayin nawa shi ne wannan. A makarantunmu muna girmama ranar dashe fiye da kima, muna kuwa raina watannin da ke biye da ita. Wanda ya haƙa rami ya sa itace, shi ake tafa wa. Wanda ya yi wata shida yana kai masa ruwa yana korar awaki, ba mai sanin sunansa. Ni kuwa na ce wannan na biyun shi ne ya dasa itacen, da aikinsa kuma ya kamata a riƙa yin lissafi. Ga yadda aka yi na gane haka.

A watan Janairu aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata makarantar firamare a Kujama, watau hedkwatar ƙaramar hukumar Chikun, a kan hanyar da ta tashi daga Kaduna ta nufi Kachia. Aka ba ni aji biyar. Filin makarantar kuwa fetal yake, ba inuwa ko ɗaya sai ta wani tsohon mangwaro a bayan ofishin hedimasta. Ran nan ina koya wa yara amfanin itatuwa, na cika allo da rubutu, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to, mu me ya sa ba mu da su?" Na rasa amsa. Don in fid da kaina kunya sai na yi musu alkawari, na ce kafin in bar garin nan za su ga fure a ƙofar ajinsu.

Wata Asabar a tsakiyar Fabrairu na shiga Kaduna, na je wurin masu sayad da tsirrai a bakin hanya, waɗanda ke jera su cikin baƙar leda. Idona ya faɗa kan wata filawa mai jan fure, irin wadda masu lambu ke kira habiskos. Ba baƙuwa ba ce ƙwarai a gare mu, gama 'yar'uwar yakuwa ce da rama, wanda kuma ya dubi furenta ya dubi na kuɓewa zai ga alamar dangi. Tsawonta ya kai mini ƙugu, rassanta uku, da fure biyar a buɗe. Na zaɓe ta don ta fi sauran girma da ado. Da mai lambun ya zo ɗagawa sai ta ƙi tasowa, ashe saiwarta ta huda ledar ta shiga ƙasa. Ya fizge ta da ƙarfi, na ji ƙarar tsinkewa, amma ban kula ba. Na biya Naira 2,500 daga cikin kuɗin abincina, na sa ta a bayan a-kori-kura ba rufi, iskar hunturu tana ta kaɗa ta har Kujama.

Ran Litinin wajen ƙarfe goma sha biyu, rana tana tsaka, na tara yara a ƙofar aji. Muka haƙa rami da diga. Wurin marmara ne, saboda haka ramin ya fito matsattse mai zurfi, kamar turmi. Na yage ledar da gaggawa har ƙasar ta wargaje, sa'an nan na ɗaga filawar sama ina nuna wa yara saiwoyinta, ina ta bayani kusan minti goma, ga rana tana dukansu. Na zuba takin zamani cike da tafin hannu a gindin ramin, na zaunad da ita a kansa, na binne har ƙasa ta wuce wuyanta, wai don kada iska ta ka da ita. Yara suka tafa. Na koma aji ina jin kaina kamar babban malamin gona.

Kashegari ganye ya yi yaushi. Na ce ƙishirwa ce, na sa yara su riƙa zuba mata bokiti guda da safe, guda da rana, guda da yamma. Kwana huɗu furanni suka zube. Kwana bakwai ganye ya soma yin rawaya yana kaɗewa, na ce yunwa ce, na ƙara taki. Kafin mako biyu ganye uku kaɗai suka rage a jikinta, yara kuwa suka raɗa mata suna "sandar Malam". Hedimasta bai ce mini uffan ba, sai dai in zai wuce yakan tsaya ya dube ta, ya dube ni, ya yi gaba. Ga kuma malamin da zai zo daga kwaleji ya duba aikina, saura mako uku. Ba zan ɓoye muku ba, har na yi tunanin in sayo wata da dare in musanya ta, in bar yara su ɗauka ta warke.

Wanda ya cece ni daga wannan ƙarya maigadin makarantar ne, wani dattijo ɗan ƙabilar Gbagyi, manomin doya tun yana saurayi. Ya iske ni da yamma riƙe da bokiti, ya ce, "Malam, ajiye ruwan nan tukuna." Ya sa farce ya ɗan kankare ɓawon reshen sama, muka ga busasshe ne. Ya kankare na biyu, haka nan. Ya sauko kusa da gindi ya kankare, sai ga kore shar, da danshinsa. Ya ce, "Da sauran rai. Amma in ka ci gaba da wannan alheri naka, jibi sai jana'iza." Na ce, "Baba, ai ƙishirwa take ji, dubi yadda ta yi." Ya kama yatsana ya tura shi cikin ƙasar gindin, ya ce, "Ɗana, wannan ƙasar mai ƙishirwa ce?" Na zaro yatsa duk taɓo, har da ɗan wari.

Da rana ta faɗi muka tone ta a hankali. Ramin nan nawa ya zama kamar randa, ruwa kwance a ciki, gama marmara ba ta tsotse shi. Saiwoyin ƙasa sun yi baƙi sun yi laushi, in ka ja sai fatar ta saɓule, kaɗan ne na sama suka rage farare masu ƙarfi. Baba ya sa wuƙa mai kaifi ya yanke ruɓaɓɓun, ya lulluɓe sauran da jiƙaƙƙen buhu. Ya ce in bar wannan rami, in matsa gaba inda ƙasa ta fi laushi, in haƙa wani mai faɗi, ninki biyu na dunƙulen saiwar, amma kada zurfinsa ya wuce tsawon dunƙulen. Muka farfasa gefen ramin don saiwa ta sami hanya, muka mai da ƙasar sama gauraye da ɗan tsohon takin shanu wanda ya riga ya ruɓe sarai. Muka zaunad da ita yadda wuyanta ya yi daidai da fuskar ƙasa, muka zuba rabin bokiti a hankali.

Sa'an nan ya yi mata abin da ya ce doya ce ta koya masa. Manomin doya, in ya binne iri a kunya kafin ruwa ya sauka, yakan sa wa kunyar hula ta ciyawa ko ganye, ya danne da ƙasa, don kada rana ta dafa irin. Baba ya baza busasshiyar ciyawa kewaye da gindin filawar, kaurin yatsu huɗu, ya bar ɗan fili tsakaninta da jikin itacen saboda gara da ruɓa. Nan na tuna haka manoman citta na Kachia da Kwoi ke rufe gonakinsu da ganye bayan shuka. Muka kafa sanduna huɗu muka ɗora tsohon zana ta sama da ta yamma, don ta sami hasken safe ta tsira daga zafin azahar da la'asar, muka kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Ya datse busassun rassan nan biyu har inda kore ya fara. Ƙarshen maganarsa ita ce, "Daga yau ba taki. Ruwa kuwa sai yatsa ya ce. Kada kuma ka sake tone ta don ka ga ko ta kama."

Da na koma ɗaki na buɗe littafin kimiyyar tsirrai da muka karanta a shekararmu ta fari, sai na tarar duk abin da Baba ya yi yana nan a ciki. Ni ne dai na haddace shi don jarrabawa, ban taɓa sa shi a hannu ba. Bari in jera dalilan a taƙaice, gama duk wanda ya sayi tsiro zai bukace su.

Na fari, manyan saiwoyin da ido ke gani ba su ne ke shan yawancin ruwa ba. Masu wannan aiki su ne ƙananan nan na ƙarshe, da waɗansu siraran gashi da ke jikinsu, waɗanda da ƙyar ake ganinsu. Su ne ke fara tsinkewa in an fizgi tsiro, su ne kuma ke bushewa nan da nan in an bar su a rana. Ganye kuwa ba ya jira. A jikinsa, musamman ta baya, akwai ƙananan ƙofofi da ruwa ke fita ta cikinsu ya bi iska, har fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da tsiro ya sha ta nan yake fita. To, in an rage masu ɗebo ruwa, masu zubarwa kuwa suna nan yadda suke, ga busasshiyar iskar hunturu, tilas tsiro ya yi yaushi, ya kaɗe fure da ganye don ya rage asara. Saboda haka kaɗe ganye kaɗai bai isa a ce itace ya mutu ba, sai an duba ƙarƙashin ɓawo.

Na biyu, saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai iska, in kuwa ruwa ya cika waɗannan wurare kwana da kwanaki sai saiwa ta shaƙe, cututtuka masu son danshi su shiga, ta ruɓe. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya kai ruwa sama, don haka ganye ya yi yaushi daidai kamar na mai ƙishirwa. Nan tarkon yake. Alamar ƙarancin ruwa da ta yawan ruwa kusan ɗaya ce a ganye, ba a rarrabe su sai a ƙasa. Ka tura yatsa har ƙarshensa: in ka ji danshi ka bar ta, in ka ji bushewa ka zuba isasshe a hankali, sa'an nan ka jira.

Na uku, takin zamani wani irin gishiri ne. In ya taru kusa da saiwa mai rauni sai ya jawo ruwa daga jikinta, kamar yadda gishirin miya ke fid da ruwa daga yankakkiyar albasa. Shi ne manoma ke cewa taki ya ƙone shuka. Ba a ɗura wa majinyaci tuwo, da kunu ake farawa. Tsiron da aka dasa ba ya bukatar takin zamani sai ya yi sabon toho, ya nuna saiwarsa ta kama.

Na huɗu, lokaci da zaɓi. Ban ga watan da ya fi Fabrairu da Maris muni ga dashe a ƙasarmu ba, gama hunturu yana ƙarewa, zafin bazara yana shigowa, ruwan sama kuwa da saura. Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta kankama, wajen Yuni zuwa Yuli, don itace ya sami wata uku ko huɗu yana shan ruwan sama kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba. A yi shi da yamma ko ranar da ake lumshi. A wurin saye kuma, tsiron da ya fi girma a leda shi ya fi shan wahala, don ko dai saiwarsa ta huda ledar, ko kuwa ta nannaɗe a ciki kamar gammo. Ƙarami mai lafiyayyar saiwa yakan kamo babba ya wuce shi. Ka ɗaga ledar ka dubi gindinta kafin ka dubi fure, ka lulluɓe tsiron a hanya, ka ajiye shi 'yan kwanaki inda zai saba da rana kaɗan-kaɗan.

Mako uku sandar nan ba ta motsa ba. Malamin kwaleji ya zo, ya ga rumfar zana, ya tambaya, na gaya masa gaskiya. Ya ce to, in mai da abin darasi. Na tsaya gaban yara na lissafa musu kurakuraina ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta a littattafansu, ban kuwa taɓa ganin sun saurare ni kamar ranar ba. A mako na huɗu wani yaro ya sheƙo da gudu ya ce, "Malam, sandarka ta yi ido!" Na je na tarar da toho biyu 'yan mitsi-mitsi kusa da gindi. Ran da na bar Kujama a watan Afrilu tana da ganye goma sha ɗaya, tsawonta bai kai gwiwa ba, ba fure ko ɗaya. Alkawarin fure dai ban cika shi ba. Na damƙa ta ga yarinyar nan da ta yi mini tambaya da yaron da ya fara ganin toho, Baba kuwa ya yarda zai riƙa duba su.

To, jama'a, da abin ya tsaya ga filawata kaɗai da ban dame ku ba. Amma a hanyata ta dawowa, daga Kujama zuwa Kachia, zuwa Zonkwa, har Kafanchan, na riƙa leƙa filayen makarantu ta tagar mota, sai na ga abin da a da idona ke wucewa. Za ka ga an jera duwatsu an shafa musu farin fenti, an yi da'ira mai kyau, a tsakiya kuwa busasshiyar sanda. Kowace sanda daga cikinsu ta taɓa samun ranar tafi. Ina roƙon kowane mai karatu ya tambayi kansa, cikin itatuwan da ya taɓa dasawa a bikin makaranta, nawa ne zai iya zuwa yau ya nuna su da rai?

Wannan cuta ba tamu kaɗai ba ce. A ƙasar Turkiyya, ran 11 ga Nuwamba 2019, an dasa itatuwa miliyan 11 a rana ɗaya, duniya duka ta ji labari. Kafin wata uku ƙungiyar ma'aikatan gona da gandun daji ta ƙasar ta ce wajen kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta duba sun mutu, don an dasa su ba a kan lokaci ba, ruwa kuma ya yi ƙaranci. Gwamnati ta musanta, ta ce yawancinsu suna nan da rai. Ba ni ne alƙalin wannan gardama ba. Abin lura a gare mu shi ne adadin ranar dashe ba mai jayayya a kansa, gardama ba ta tashi ba sai da aka zo ƙirga masu rai, wanda shi ne lissafin da ke da amfani.

Ga kuma wani misali daga ƙasar Hausa. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, yawancin abin da ya dasa kuwa rana da iska da dabbobi suka kashe. A 1983 ya lura cewa 'yan kurarrajin tsirran nan da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka soma barin reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kowane kututture, a rage sauran, a tsare su. Manoma suka kira abin sassabin zamani. Masu bincike sun kiyasta cewa ta wannan hanya an sami itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba rami aka haƙa ba, reno aka yi.

Ko a nan gida, masu aikin gandun daji sun daɗe da sanin cewa ran itace a saiwa yake. Itacen tik, irin wanda aka dasa da yawa a gandun dajin Nimbia a kudancin Jihar Kaduna, yawanci ba da ganyensa ake dasa shi ba. Akan cire ɗan tsiron daga wurin reno, a datse kansa a bar ɗan guntu, a rage saiwar, a dasa wannan ɗan dungu da damina, shi ne yake zama katako. Ba ina cewa kowa ya je ya datse filawarsa ba ne, gama a jikin wadda ke jinya busasshen reshe da ƙullin fure kaɗai ake cirewa, ganye mai rai kuwa a bar shi ya ciyad da ita. Nufina dai a gane cewa ado na sama ba shi ne ma'auni ba. Dogonyaro ma, da muke gani kamar ɗan gida, asalinsa daga Indiya yake, a 1928 aka kawo shi Borno. A ƙasa mai dogon rani irin wannan, lalle akwai waɗanda suka yi ta ɗawainiya da na farkon, ga shi yau muna shan inuwar aikinsu ba mu san sunayensu ba.

Na san waɗansu za su ce, ai filawa ce kawai, ba a cinta, ina abin damuwa? Amsata ita ce, hannun da ya kashe filawa shi zai kashe lemo da gwaiba da mangwaro, gama dokar saiwa ɗaya ce. Ban da haka, yaro yana koyo daga abin da ya gani fiye da abin da ya ji. In ya ga malaminsa ya yi jawabi, an tafa, itace ya bushe, ba wanda ya sake waiwayarsa, to, ya koyi darasi, sai dai mugun darasi ne, watau cewa faɗi ya isa, ba sai an cika ba. Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni game da musanyar da na so in yi da dare.

Waɗansu kuma za su ce jinya ɓata lokaci ce, sayen wata ya fi sauƙi. Akwai gaskiya kaɗan a nan, ba zan ƙi ta ba. In ka kankare ɓawo har gindi ba ka ga kore ba, saiwoyi kuma duk sun yi baƙi, to, ta tafi, ka haƙura ka jira damina. Amma wanda ya sayi wata bai san abin da ya kashe ta farko ba, zai sake binne kuɗinsa a rami ɗaya. Kafin ka tumɓuke gawar ka dubi saiwarta, ka shinshini ƙasar, ka ga ko gara ce, ko ruwa, ko taki, ko zurfin rami.

Na uku su ne masu cewa ruwa yana wuya da rani, yara ba za su sha ba balle itace. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, ita ce kuma ta sa nake cewa a rage yawan abin da ake dasawa. Filawata, bayan an rufe gindinta da ciyawa, rabin bokiti ya ishe ta kwana biyu ko uku. Ruwan wanke hannu marar sabulu ma ya isa. Akwai kuma tsohuwar dabara ta binne tulun ƙasa kusa da gindi har wuya, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa, ruwan ya riƙa tsattsafowa ta jikinsa kaɗan-kaɗan. Makarantar da za ta iya shayad da itace goma, ta dasa goma. Goma masu rai sun fi ɗari da aka yi wa hoto.

Saboda haka ga shawarwarina, ga 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu. Na ɗaya, kada a dasa itace sai an rubuta sunan mai renonsa, da na wanda zai karɓe shi lokacin hutu, gama dogon hutu da rani su ne ke cinye itatuwan makaranta. Na biyu, a bar damina ta zaɓi ranar dashe, kada a ɗaura ta ga ranar da babban baƙo zai zo. Na uku, a mai da bikin zuwa ranar cika shekara: a zaga a ƙirga masu rai, a ba da kyauta ga ajin da nasa suka fi tsira. Na huɗu, mu yi ɗan wurin renon tsirrai na kanmu. Irin filawar da na saya tana kamawa daga yankan reshe, a sa shi cikin leda da ƙasa mai yashi a inuwa, cikin 'yan makonni ya yi saiwa, ba sisin kwabo. Na biyar, kowane ɗalibi ya fid da itace ɗaya daga rani guda kafin ya fita koyon aikin koyarwa, don kada ya je ya koyi abin a gaban yara kamar yadda na yi. Na ƙarshe, in mun je ƙauyuka mu tambayi manoma kafin mu ɗauki diga. Ilimin da ke littafinmu yana hannunsu tun kafin a buga littafin, mu kuwa aikinmu shi ne mu haɗa biyun a gaban yara.

Labarin ƙarshe da na samu daga Kujama shi ne an cire rumfar zana da ruwa ya sauka, filawar tana nan tana ƙara ganye, yaran kuma har yanzu sandar Malam suke ce mata. Ban damu da sunan ba, gama ni na jawo shi. Iyakar abin da na gani ke nan, Malam Edita. Wanda ya fi ni sanin aikin gona ya gyara mini a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.